Cinikin da ba a cewa «albarka»

Duk wanda ya taɓa tsayawa a babbar kasuwar Maraɗi ya san ciniki yana da matakai, kuma ba a tsallake su. Mai saye zai ɗaga kaya, ya juya su, ya duba gindi da baki, sannan ya taya. Mai kaya ya ce albarka. A ƙara masa, ya sake cewa albarka. In ba su daidaita ba, kowa ya kama gabansa babu ɓacin rai. In sun daidaita, sai a ji «na sallama», a ƙirga kuɗi a gaban jama'a. In kuwa dabba ce, dillali na tsaye, ya karɓi la'adarsa, kuma shi za a nema idan daga baya aka ce ta sata ce. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda dukiya mai yawa take ratsa iyaka tsakanin garin nan da Katsina da Kano bisa magana da amana, sau da yawa babu ko takarda. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa, kuma kowa yana da ikon ƙin tayi.

To, akwai wani ciniki da ake ƙullawa kullum a Maraɗi, da Tibiri, da Jiratawa, wanda ya fi na kasuwa yawan masu shiga, amma babu albarka a cikinsa. Shi ne wanda ake yi da yatsa a kan gilashin salula, sa'ad da wani dogon rubutu ya bayyana, a ƙarƙashinsa da maɓalli guda mai cewa «J'accepte» ko «Accepter et continuer». Mai karatu na iya tambaya me ya kawo zancen salula cikin shafin da aka saba tattauna littattafai da waƙoƙi. Amsa ita ce, a yau babu rubutun da ake kallo a garin nan kamar fuskar waya. Mutum ne ya tsara ta, ya zaɓi abin da zai fito fili da abin da zai ɓoye, ya kuma ƙaddara a ransa wane ne zai riƙe ta. Abin da aka tsara haka ya cancanci a yi masa irin nazarin da ake yi wa littafi: wa aka rubuta wa, me aka faɗa masa, me aka rufe.

Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna lokacin da shiga duniyar gizo tafiya ce. Sai ka je sibar, ka biya kuɗin sa'a guda, ka zauna gaban kwamfuta kana jiran shafi ya buɗe, in lokacinka ya cika ka tashi ka bar ta can. Salula kuwa ta kira ce da gajeren saƙo. Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010; Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani. Cikin waɗannan shekaru abin da muke zuwa nema ya biyo mu gida, ya shiga aljihu, yana kwana a gefen matashi. Ba na cikin masu kukan da can ya fi daɗi. Manomin rani a Jiratawa da ke jin farashin zogale ko tumatur kafin ya ɗora kaya a mota ya ci riba ta gaske, haka uwar da ke jin muryar ɗanta daga Agadas ko Libiya. Ƙorafina a kan farashin da ba a ambata ba ne.

Mu ɗauki WhatsApp, tunda shi ne manhajar da ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san ta. Facebook ya saye shi a 2014 a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 19. A wancan lokaci a ƙasashe da dama ana biyan dala guda a shekara, farashi ne ƙarami amma a bayyane. A farkon 2016 aka soke shi, a watan Agusta na shekarar kuma aka sanar cewa za a riƙa miƙa wa Facebook lambobin wayar masu amfani da shi. Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Facebook Yuro miliyan 110 a 2017, domin lokacin sayen ya gaya mata ba zai iya haɗa asusun biyu kai tsaye ba. Sai kuma Janairun 2021, da saƙo ya faɗo wa kowa: ko ka amince da sababbin sharuɗɗa kafin 8 ga Fabrairu, ko ka rasa asusunka. Da hayaniya ta yi yawa a duniya aka ɗage ranar zuwa 15 ga Mayu. A garinmu ban ji hayaniya ba. Saƙon ya tare wa mutane hanyar shiga hirarsu, suka danna ya kauce.

Adalci ya sa a faɗi cewa tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, kamfanin ba ya karanta su, ba ya kuma sauraron murya. Amma kowane Bahaushe ya san ba sai an ji abin da aka faɗa a zaure ba kafin a san sirrin gida. Ya isa a san wa ya shigo, da wane lokaci, sau nawa a mako, kuma daga can ina ya nufa. Irin wannan ne ake tarawa: lambarka, irin wayarka, lokacin da kake kai, ƙungiyoyin da kake ciki. Mafi nauyi a ganina shi ne littafin lambobi. Da ka ba manhaja izinin duba shi, ka miƙa lambar surukinka, da ta limamin unguwa, da ta tsohuwar da ke Tibiri wadda wayarta ƙarama ce mai maɓallai, ba ta taɓa ganin WhatsApp ba. Su sun ba ka lambobinsu amana ne don ka kira su. Babu wanda ya tambaye su, kuma tsarin bai tanadi wurin da za a tambaye su ba.

Sannan wa ma ya danna? Manyan da ke iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai rabi ba. Yadda abin ke gudana kowa ya sani: mutum ya sayi waya, ya miƙa wa yaron shago ko ɗansa ɗan kwaleji ya ce a sa masa WhatsApp da Facebook. Yaron ya buɗe masa adireshin Gmail da sunan da ya ga dama, ya ƙirƙiri kalmar sirri ya riƙe a kansa ko ya manta, ya danna «J'accepte» sau biyar ko shida cikin minti goma, ya mayar wa mai ita. A littattafan kamfanonin da ke Kalifoniya an rubuta cewa wannan bawan Allah ya karanta, ya fahimta, ya amince. Almajirin da ya kai babin ciniki a Risala a makarantar zaure ya san cewa cinikin da ba a san kaya ko farashinsa ba ɓatacce ne. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Ina nuni ne kawai cewa mizanin da za mu auna abin da shi yana nan a hannunmu tun da daɗewa, ba sai mun aro daga Turai ba.

Wani zai ce ai an fassara. Gaskiya ne Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016. Sai dai wayoyin da ke hannun mutanenmu galibi da Faransanci suke aiki, domin mai saitawa da shi ya saba. Ko da an juya zuwa Hausa, fassara takardar lauyoyi kalma bayan kalma ba ta mayar da ita magana. Na gwada sau ɗaya a aji, na karanta wa ɗaliban shekarar ƙarshe sakin layi biyu na sharuɗɗan wata manhaja da Faransanci, na ce su faɗa mini da Hausa abin da mai manhajar zai karɓa daga gare su. Yara ne da ke iya warware Molière. Aka yi shiru mai tsawo, sai wata ta ce, «Malam, kamar dai komai.» Amsarta ta fi ta kowa kusa da daidai.

Nan zan tsaya kaɗan a kan abin da ya fi shafar sana'ata, domin akwai wani farashi da harshen kansa ya biya, kuma ba a cika lissafa shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Taron Bamako na 1966 ya ƙarfafa su, dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 kuma ta daidaita rubutun Hausa a Nijar, har da ƴ da muke rubutawa inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa alama kafin y. Waɗannan haruffa ba ado ba ne. Su ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari.

Ga abin da ya faru da su. Gajeren saƙo na salula an gina shi a kan wani jerin haruffa da injiniyoyin Turai suka tsara wa tsarin GSM. A cikinsa akwai é da è da à na Faransanci, da ñ na Sifaniyanci, da ü da ß na Jamusanci, har da wasu manyan haruffan Girkanci. Muddin ka tsaya cikin jerin, saƙo guda yana ɗaukar harafi 160. Da ka sa harafi ɗaya tak daga wajensa, wayar sai ta juya zuwa wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai. Ke nan saƙo mai harafi 150 da Faransanci kuɗin saƙo ɗaya ne. Shi ɗin dai da Hausa, in akwai ƙ guda a ciki, kuɗin saƙo uku ne. Wannan ma in wayar tana da harafin, domin yawancin wayoyin wancan zamani ba su da shi, in an aiko musu sai su nuna ɗan akwati. Daga baya an ƙara jeri na musamman don Turkanci da Fotugisanci da harsunan Indiya da dama. Hausa, mai masu magana miliyoyi da yawa a ƙasashe fiye da biyar, ba ta samu ba.

Babu wanda ya zauna ya ƙulla wa Hausa wannan sharri. Ba a tuna da ita ba ne kawai, kuma sakamakon bai bambanta ba. Shekaru fiye da goma matasanmu suka koyi rubuta harshensu a kan na'urar da ke cin tarar wanda ya rubuta daidai. Yau kam akwai allon rubutu na Hausa da ake iya saukarwa a wayoyin Android, kuma saƙon WhatsApp ba ya ƙirga haruffa, amma hannu ya riga ya saba. Takardun da nake gyarawa cike suke da «kasa» a wurin ƙasa, da «dan» a wurin ɗan, wani lokaci da «ch» da «ou» da «dj» na Faransanci, domin allon da ke wayar na Faransanci ne, mai gyaran kalmomi na cikinsa kuma yana bin duk kalmar Hausa yana lanƙwasa ta zuwa wadda ya sani. In na ja layi ja, yaro ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce ai kowa haka yake rubutawa. Kuma bai yi ƙarya ba. Haka abin yake wajen bincike: kalma ɗaya tana yawo da kamanni uku ko huɗu, wanda ya nemi «Maraɗi» sau da yawa ba zai ga abin da aka ajiye da «Maradi» ba, wanda ya rubuta ƴan ba zai haɗu da mai rubuta 'yan ba. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin farin ciki ne ga mai sana'a irin tawa. Amma kwamfutocin ofisoshinmu har yanzu allon AZERTY ne a gabansu, wanda ke da maɓalli sukutum don ù, harafin da a Faransanci kusan kalma ɗaya ce ke buƙatarsa, ba shi kuma da gurbin ƙ.

Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013, shi ya ceci jama'a daga wannan ƙunci, kuma shi ne abu mafi dacewa da mu da waɗannan kamfanoni suka taɓa yi, ko da ba don mu suka yi ba. Tsoho ya yi sallama, ya gaida iyali ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi buƙatarsa da karin harshensa na Gobir ko na Katsina, babu mai gyara masa. Illarsa ita ce murya ba ta da sa hannu. Ana tura ta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, babu suna, babu rana, babu gari, a ce ga abin da ya faru a wuri kaza. Jita-jitar da a da sai ta bi motar kasuwa, yanzu kafin la'asar ta gama jihar.

Akwai kuma wani abu da ɗan kasuwar Maraɗi ba zai taɓa yarda da shi ba a rumfarsa: a sake ciniki bayan an sallama. Manhaja kuwa kullum cikin sakewa take. Ka saba da wurin da maɓalli yake, ka koya wa mahaifinka da ƙyar, gobe a tashi an matsar da shi. A ce sai ka sabunta, sabuntawar ta cinye kiredin da ka saya don kwana uku, ta kuma cika wayar har ta fara nauyi. Hotuna masu motsi su kunna kansu ba ka nema ba, kai ke biya. WhatsApp ya daina aiki a ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018, a Oktoban 2023 kuma ya bar wayoyin Android da ba su kai siga ta 5 ba. Kamfanin yana da hujjarsa ta tsaro, ban musa ba. Amma a inda aka yanke shawarar, sauya waya abu ne na shekara biyu. A nan kuwa wayar da ba ta fashe ba lafiyarta ƙalau, kuma kuɗin sabuwa na iya kai buhun hatsi.

Ko kyautar ma da ƙugiya take zuwa. A 2015 Facebook ya ƙulla da Airtel don kawo wa ƙasashen Afirka shirin Free Basics, inda ake shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da kiredi ba. Mai zaɓen shafukan shi ne mai kyautar. Indiya ta dubi tayin, ta hana shi a Fabrairun 2016. Wato ta ce albarka, kuma ta iya faɗa ne don kasuwarta ta fi ƙarfin a yi fushi da ita.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wa ke da bakin ƙin tayi, tunda mutum ɗaya ba shi da shi. Wanda ya fita daga WhatsApp a Maraɗi ya fita daga ƙungiyar iyayen yara, da ta ƴan sana'arsa, da sanarwar suna da ta jana'iza. Saura hukuma. Turai ta kafa dokarta ta kare bayanan mutane, ta fara aiki a Mayun 2018, kuma da ita hukumar Ayalan ta ci tarar WhatsApp Yuro miliyan 225 a 2021 saboda rashin bayyana wa mutane yadda ake sarrafa bayanansu. Sauyin 2021 ɗin nan ma ba a ɗora wa mutanen Turai shi yadda aka ɗora wa saura ba. Makwabciyarmu Najeriya ta gwada ƙarfinta: a Yulin 2024 hukumarta ta kare masu saye ta ci tarar Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook, dalar Amurka miliyan 220, cikin laifuffukan har da bambanta ƴan Najeriya da mutanen wasu ƙasashe masu irin dokokinta. Kotun ɗaukaka ƙara ta wannan fanni ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025, kamfanin kuma ya yi barazanar janye Facebook da Instagram daga ƙasar. In an yi wa ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 wannan barazana, mai karatu ya auna da kansa nauyin muryar Nijar ita kaɗai.

Mu ma muna da doka. An kafa ta farko a Mayun 2017, ita ta haifar da hukumar kare bayanan mutane da ake kira HAPDP. Sai dai zai zama rashin gaskiya a nuna kamar hukuma garkuwa ce kawai. Layin waya ba ya buɗuwa sai da katin shaida, don haka kowace lamba tana da suna da fuska a wani kundi. A 2019 aka yi dokar laifuffukan yanar gizo, wadda aka gurfanar da ƴan jarida da ita. An cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka mayar da shi a Yunin 2024. A Mayun 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba da damar saurare da karanta saƙonnin mutane da sunan tsaro. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa kuma, daga 24 ga Fabrairun 2021, aka yanke intanet ɗin salula kwana goma. Rikicin ya fi ƙarfi a Yamai, amma mai sayar da kaya a Maraɗi da ke jiran hoton rasit daga Kano shi ma ya zauna. Talaka yana tsakanin hannu biyu ne, ɗaya na tara labarinsa don talla, ɗaya na iya rufe masa baki ranar da ya so, kuma babu wanda ya taya shi a cikinsu.

Kada a ce abin ba ya gyaruwa, domin wayar da ke aljihun yawancinmu shaida ce. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne don ya zo ya duba yadda muke rayuwa. Ya ga muna riƙe layi biyu saboda rezo da rahusar kira, ya sa gurbi biyu. Ya ga wuta ba ta zama, ya sa batir mai daɗewa. Ya gyara kyamara ta fitar da baƙar fata da kyau, ya kuma sa Hausa cikin harsunan wayar. Ba don Allah ya yi ba, ciniki ya nema, kuma shi ma ba a rasa shi da tabo ba: a 2020 masu bincike sun gano dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka ɗauke da ɓoyayyar manhaja mai cinye kuɗin mutane, kamfanin ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya. Duk da haka ya nuna cewa mai ƙira yana sauraro in ya san za a iya juya masa baya a koma rumfar gaba.

Abin da za a iya nema ba shi da wuyar fasaha. Manhajar da ta iya ɗaukar muryar tsoho daga Tibiri zuwa Makka cikin daƙiƙa ba za ta kasa karanta masa sharuɗɗanta da Hausa cikin minti ɗaya ba: ga abin da za mu ɗauka, ga wanda za mu ba, ga abin da za ka rasa in ka ƙi. A gefen maɓallin amincewa a sa na ƙi, girmansu ɗaya, kuma wanda ya hana littafin lambobinsa ya ci gaba da aika saƙo ba tare da an dame shi kowace safiya ba. Nijar ita kaɗai ba za ta tilasta wannan ba, amma masu jin Hausa a Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru da Cadi kasuwa ce da ba a rainawa, in hukumominsu sun yi magana tare. Na haruffa kuwa ba ya buƙatar izinin kowa daga waje. Ma'aikatar da ke sayen kwamfutoci don makarantu da ofisoshi tana iya rubutawa cikin takardar odarta cewa a kawo su da allon da ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, hukumar da ke ba da izinin shigo da wayoyi ta nemi haka daga masu shigowa, mu kuma malamai mu ware sa'a guda a farkon shekara mu nuna wa yara inda haruffan suke a wayoyin da ke aljihunsu.